Motar da ke son tafiya alhali ƙafa na kan kuloci

Malam ya kawo motar da hantsi, kuma kafin mu gama gaisawa ya zagaya ya buɗe but, ya nuna mini wani kwali. A ciki akwai sabon faifan kuloci da farantin matsi da boris, ko ledarsu ba a yage ba. Ya ce, "Injiniya, ga kaya nan na sayo. An ce mini sai an sauke giyabos. Ka sauke ka ɗaura mini, na gaji da wannan wahala."

Dattijo ne mai kula da abinsa. Motar ƙarama ce, ƙirar 1994, silinda huɗu, giya biyar, tana ja da ƙafafun gaba, kuma kulocinta na mai ne, ba na waya ba. Ta haura shekara talatin, amma in ka buɗe bonet za ka san tana hannun mai tausayinta.

Na roƙe shi ya ba ni awa ɗaya kafin in kwance ko noti guda. Sauke giyabos a irin wannan mota aikin yini ne cur: a cire batir da sitata, a zubar da man giya, a zare shaf biyu na ƙafafun gaba, a tallafe injin, sannan a janyo akwatin. Ba ƙin aikin nake yi ba. Abin da nake gudu shi ne in yi shi duka, in mayar, mutum ya fita ya tarar ciwonsa na nan daram. Na sha ganin haka, kuma yana ci mini rai, domin mai tsohuwar mota ba kasafai yake da halin biyan aiki ɗaya sau biyu ba.

Abin da ya faɗa

Na ce ya ba ni labarin tun daga farko, kada ya tsallake komai ko da yana ganin ba shi da amfani. Ya ce da safe lafiya lau, giya na shiga sumul. In ya shiga cunkoso mota ta ɗau zafi, lamba ɗaya sai da kokawa, ribas kuwa sai ta yi kurrr kafin ta shiga. Sai can ƙarshe, har ya juya zai zauna, ya ƙara da cewa, "Wani lokaci ma in na tsaya a danja, ƙafata na kan kuloci har ƙasa, sai in ji motar tana son tafiya da kanta. Sai na danne birki, in ba haka ba ta taɓa na gabana."

Na ce, "Malam, da zarar kun taka take yin haka, ko sai an jima?"

"Sai an ɗan jima. In danjar ta daɗe."

"In kun saki kun sake takawa fa?"

"Sai ta dawo daidai, kamar ba ita ba."

"Man kuloci yana raguwa a kofinsa?"

"Ko ɗigo. Kullum sai na duba."

Kafin ya zo wurina an taɓa motar a wani gareji. An cire iska daga layin man kuloci sau biyu, an canza mastan ƙasa, wato silindar mai da ke jikin giyabos tana tura kuloci, ta yi kwana biyu da sauƙi ta koma gidan jiya. Daga nan suka yanke cewa tunda babu yoyo, babu iska, ga sabon masta, to abin da ya rage yana cikin giyabos. Lissafin nasu yana da kama da gaskiya, amma an tsallake wuri ɗaya, kuma maganar danjar nan ta riga ta nuna mini wurin. Faifan da ya karkace ko ƙarfen da ya tsage ba ya jiran daƙiƙa talatin kafin ya nuna halinsa, kuma ba ya warkewa don an sake taka feda. Abin da ke canzawa da wucewar lokaci alhali ƙafa ba ta motsa ba, mai ne ke sulalewa ta wani wuri.

Ga wanda bai taɓa leƙa wannan sashe ba, tsarin ba shi da yawa. Kana taka feda, sai wata sanda ta tura fistin a cikin mastan sama, wanda ke maƙale a bangon da ya raba inji da inda direba ke zama. Fistin ya tura mai ta siririn bututun ƙarfe, ya ratsa wani guntun tiyon roba da aka sa saboda inji na jijjiga jikin mota kuwa ba ya yi, ya isa mastan ƙasa a jikin giyabos. Shi kuma ya turo tasa sandar, ta tura ƙarfen nan mai baki biyu da muke kira fok, fok ya danna boris a kan yatsun farantin matsi, farantin ya ɗaga, faifai ya sami sarari tsakaninsa da filawil, wato babban faifan ƙarfen da inji ke juyawa, inji ya rabu da giya. Dukan abin ya dogara ne a kan ƙa'idar da Blaise Pascal na Faransa ya bayyana tun ƙarni na 17, cewa ruwan da aka kulle a rufaffen wuri, in an matse shi ta gefe ɗaya, matsin yana isa ko'ina daidai. Sharaɗin shi ne kullewar. Mai ba ya matsuwa, iska tana matsuwa, roba kuma tana tsufa.

Motocin wancan zamani ba duka suke da wannan tsari ba. Volkswagen Beetle da Golf 2 waya ce ke ja musu kuloci. Peugeot 504 na mai ne. Mercedes W123 ma na mai ne, amma daga kofin birki yake sha, shi ya sa a irin waɗannan in mai ya yi ƙasa kuloci ke fara jan iska kafin birki, domin an ɗaga bakin da yake sha sama da na birki da gangan. Motar Malam kofinta daban yake, ɗan ƙarami, a kan mastan sama.

Gwaje-gwajen

Na fara da abin da ba ya cin lokaci. Na ɗaga shimfiɗar ƙafa in ga ko ta naɗe a ƙarƙashin feda tana hana ta kai ƙasa, babu. Na girgiza fedar gefe da gefe, na duba fil ɗin da ya haɗa ta da sanda ko raminsa ya cinye ya zama ƙwai, yana nan da kyau. Na sa yaron da ke aiki tare da ni ya taka, ina kallon bangon da mastan ke ɗaure ko yana lanƙwasawa, domin a wasu tsofaffin motoci wurin yakan tsage ya cinye rabin tafiyar feda. Bai motsa ba. Na kwanta da tocila na shafa yatsa inda sandar ta shiga mastan ta cikin mota, wurin da mai ke ɗiga a kan kafet ba tare da kowa ya gani ba, na ji shi bushe. Na ɗage robar ƙura ta mastan ƙasa, nan ma bushe. Malam ya faɗi gaskiya, ko ɗigo ba ya fita waje.

Da inji a kashe, giya biyar da ribas duk suka shiga da yatsa biyu. Wannan ya wanke hannun giya da wayoyinsa, ya kuma rage zargi a kan cikin giyabos. Sai na ta da inji, na ja birkin hannu, na sa lamba huɗu, na ɗan ba da totur, na saki kuloci sannu a hankali. Injin ya mutu nan take. Faifan da ya ƙare zamewa yake yi ya bar inji na ci gaba da juyawa, wannan kuwa ya kama gam. Na ce wa Malam, "Faifanku yana kamawa. Matsalarku ta saki ce, ba ta kamu ba." Waɗannan cututtuka biyu kishiyoyin juna ne, kuma abin takaici sau da yawa magani ɗaya ake rubuta musu.

Ribas a tsofaffin motoci da yawa ba ta da zoben nan da ke daidaita gudun haƙora kafin su haɗu, don haka ita ce ba ta rufa wa kuloci asiri. Na taka, na ƙirga uku, na sa ribas, ta shiga shiru. Na mayar firi ban ɗaga ƙafa ba, na jira kamar rabin minti, na sake gwadawa, sai ga kartar haƙora. Na saki, na sake takawa, ta shiga shiru. Labarin danja ke nan ya maimaita kansa a gabana.

Sai na ɗauko rula. A ganina duk binciken kulocin mai a nan yake rabuwa gida biyu, kuma ban san dalilin da ya sa ake ƙyale shi ba alhali bai kai minti biyar ba. In sandar mastan ƙasa ta fito iya yadda ya kamata ta kuma tsaya a nan, amma kuloci bai saki ba, to mai ya yi aikinsa, laifin na ciki, a sauke giyabos da kwanciyar rai. In kuwa ba ta fito sosai ba, ko ta fito ta koma, babu abin da za ka nema a ciki. Har lissafi ana iya yi. A jikin mastan sama an zana 5/8, wato faɗin raminsa milimita 15.87, a na ƙasa kuma 3/4, milimita 19.05. Fuskar fistin na sama ta kai kusan kashi 69 cikin 100 na fuskar na ƙasa, saboda haka in sandar sama ta shiga milimita 20, ta ƙasa za ta fito kusan 14.

Na kafa rula a jikin giyabos, na ce wa yaron ya taka da sauri ya riƙe. Sanda ta fito milimita 14 cif.

Ya ce, "Oga, ai lafiyarsa ƙalau."

Na ce, "Riƙe dai, kada ka motsa."

Na zuba wa bakin fok ido. Da farko kamar ba abin da ke faruwa. Can sai na ga layin rula da ke ɓoye a bayan fok ya fara bayyana, ɗaya, sannan na biyu, a hankali kamar tafiyar hannun agogo. Kafin minti ɗaya ya cika sanda ta koma milimita 6. Na kira Malam ya sunkuya ya gani da idonsa, muka maimaita. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "To ina man yake zuwa, tunda ba ya zuba?"

Tambayar ke nan da ta kamata a yi tun farko. Na buɗe murfin kofin, na haska tocila. Man ya yi baƙi kamar tsohon man inji, da wani laka-laka kwance a gindi, duk da cire iskar da aka yi sau biyu. Na ce wa yaron ya taka a hankali ƙwarai. A farkon takawa ɗan tsartuwa ya taso daga ƙasan kofin, wannan ba laifi ba ne, haka kowane lafiyayyen masta mai rami yake yi kafin roba ta wuce ramin ta rufe shi. Amma bayan nan ya kamata fuskar man ta kwanta. Wannan bai kwanta ba. Baƙin garin nan ya ci gaba da juyawa, kuma man yana ɗan hawa sama alhali feda na ƙasa. Man yana bin gefen robar fistin yana komawa inda ya fito. Yoyo ne sosai, amma na cikin gida, shi ya sa kofi bai taɓa raguwa ba.

Robar fistin siffar ƙoƙo gare ta, bakinta na fuskantar mai. In aka taka da ƙarfi, matsin ne da kansa yake buɗa leɓenta ya manna shi da bango, sai tsohuwar roba ta riƙe na ɗan lokaci. In aka taka a hankali, ko aka riƙe aka daɗe, sai mai ya sami hanya. In mota ta ɗau zafi mai ya tsinke, hanyar ta ƙara sauƙi, abin da ya sa safiya ba ta nuna komai. Iska halinta daban ne: feda takan yi laushi kamar soso, sanda ba ta kai 14 tun takun farko, in an yi ta famfo sai ta ƙaru, amma ba ta ja da baya don an riƙe.

Don kada in bar shakka, na kwance bututu daga bakin mastan sama, na toshe bakin da noti mai irin zarensa, na danna fedar da hannu. Lafiyayyen masta da aka toshe, feda takan ɗan motsa ta tsaya kamar an taka dutse. Wannan ta yi tauri na daƙiƙa kaɗan, sannan ta riƙa nutsewa har ta kai ƙasa. (Wasu matse tiyon suke yi da filaya maimakon toshewa. Ba na yi a tsohon tiyo, domin zaren cikinsa kan karye ka ƙirƙiro sabuwar matsala.)

Abin da ke ciki

Na cire mastan na buɗe shi a kan farar takarda. Leɓen robar ya cinye ta gefe ɗaya, ya yi santsi, in ka matsa shi da farce ba ya dawowa da sauri. Na wanke ramin na haska daga wancan baki. A ƙasan ramin akwai wani layi na ƙananan ramuka kamar cin gara, tsawon gaɓar yatsa, daidai inda roba ke zama in feda ta kai ƙasa.

Wannan aikin ruwa ne. Man da kuloci ke sha man birki ne, nau'in da ake kira DOT 3 ko DOT 4, kuma dukansu suna tsotsar danshi daga iska, ta murfin kofi har ma ta jikin tiyo. Ma'aunin Amurka da ake kira FMVSS 116 ya sa sabon DOT 3 kada ya tafasa ƙasa da digiri 205 na Salsiyas, DOT 4 kuma 230. In ruwa ya kai kashi 3.7 cikin 100 a cikinsu, iyakar takan sauko zuwa 140 da 155. A birki, tafasar ce abin tsoro. Kuloci ba ya ganin irin wannan zafi, don haka ruwan ba ya tona kansa, sai ya zauna shekara da shekaru yana cin ƙarfe. Kamfanoni da yawa suna cewa a canza man birki duk shekara biyu. Masu mota ƙalilan ke yi wa birki haka, kuloci kuwa da wuya ka sami wanda ya tuna da shi. Na tambayi Malam yaushe aka taɓa zubar da wannan man gaba ɗaya, ya ce shi dai ƙari ya sani.

Na kuma duba robar ko ta kumbura, domin in aka yi kuskure aka zuba man inji ko man giya ko na sitiyari a kofin nan, robobin kan kumbura su yi laushi cikin kwanaki, kuma sai an canza duk wata roba da ke layin. Koren man LHM na tsofaffin Citroën ma haka yake yi wa motar da ba a yi ta dominsa ba. DOT 5 kuma na silikon ne, ba ya gaurayuwa da 3 ko 4, saɓanin DOT 5.1 da sunansu ya yi kama amma shi danginsu ne. A nan robar ba ta kumbura ba, tsufa ne da tsatsa.

Malam ya tambaya ko kit, wato sababbin robobin cikin masta, zai wadatar. Na nuna masa ramukan, na ce sabuwar roba a kan wannan bango ba za ta yi wata uku ba. In da ramin sumul yake da na sa kit ban yi wata-wata ba. Muka sa sabon masta. Tiyon ma na canza shi, domin da na lanƙwasa shi sai tsaga ta bayyana a fatarsa, kuma in ka riƙe shi a tafin hannu ana takawa kana jin yana ɗan kumbura.

Cire iska a kuloci yana da naci fiye da na birki, saboda bututun yakan yi sama ya sauko, kumfa ta laɓe a ƙololuwa. Na cika sabon mastan da mai a kan tebur kafin in ɗaura shi. Sannan na ɗauki babban sirinji da siririn tiyo, na tura sabon DOT 4 daga notin iska na mastan ƙasa zuwa sama, yadda iska za ta bi hanyar da take so da ma, ta fito a kofi. Na shimfiɗa jiƙaƙƙen tsumma a kewayen, domin man birki na cin fenti. Rula ta nuna 14, aka riƙe minti biyu ba ta motsa ba. Na zagaya da motar minti goma, na miƙa wa Malam makulli, kwalinsa na nan a but.

Dawowa ta biyu

Bayan kwana huɗu sai ga shi, fuska ba walwala. Giya yanzu tana shiga lafiya, amma in ya yi tafiyar kamar rabin awa, ya zo hawa ya ba da totur, sai inji ya yi ta kuka mota ba ta ƙara gudu, har da ƙauri. In ta kwana ta huce, sai ta koma daidai. Ya ce, "Injiniya, ɗana ya ce ai da ma faifan ne, mun ɓata lokaci kawai."

Ban yi musu ba, domin wannan karon alamar ta zamewa ce da gaske. Amma faifan da ya kashe inji a lamba huɗu kwana huɗu da suka wuce ba zai ƙare haka kawai ba, kuma ƙararren faifai ba ya warkewa da kwana. Na shiga muka yi tafiya tare har ta fara. Na lura feda ta yi tauri tun daga sama, babu ko ɗan wasa. Muna tsayawa na buɗe bonet, na kama fok da hannu, ya ɗaure tamau kamar ana taka kuloci rabi. Na sa sifana na sassauta notin bututu a bakin mastan sama, da tsumma a kai. Mai ya yi tsartuwa, fok ya saki, na gwada lamba huɗu inji ya mutu.

Da gangan na fara da bakin mastan sama, ban fara da notin iska na ƙasa ba. Matsi yana iya maƙalewa ta hanya biyu. Tiyon da cikinsa ya ɓare yakan bar mai ya tafi ya hana shi dawowa, kuma in shi ne, sassauta noti a sama ba zai saki fok ba, sai an buɗe ta ƙasa. Tunda ya saki daga sama, tiyo da bututu a buɗe suke, ƙofar komawa kofi ce a rufe.

Laifin nawa ne, kuma na faɗa wa Malam haka a take. Ɗan ramin nan da na ce roba na wucewa a farkon takawa, bai fi bakin allura ba, amma shi ne numfashin tsarin duka. In aka saki feda, dole fistin ya koma baya har ƙarshe ramin ya buɗe, domin man da ya faɗaɗa saboda zafi ya sami wurin komawa. Da zan ɗaura sabon mastan, na ƙirga zaren sandar tsohon na daidaita sabon da shi, ban kula cewa sandar sabon ta ɗan fi tsawo ba. Fistin bai koma gida sosai ba. Da sanyi ramin na buɗe kaɗan, shi ya sa cire iska ya yiwu, zagayen minti goma kuma bai nuna komai ba. In zafi ya taru sai leɓen roba ya rufe sauran, mai ya faɗaɗa ba mafita, sai ya tura mastan ƙasa ya riƙa taka kuloci da kansa. Akwai gwajin da zai kama wannan cikin daƙiƙa biyar, na san shi, ban yi ba: ka tura sandar mastan ƙasa ciki da hannu, in ta shiga a hankali mai ya hau a kofi, ƙofa a buɗe take, in ta ƙi shiga an rufe ta.

Na kwanta a ƙarƙashin sitiyari na gyara. Tsayin feda ake fara daidaitawa da notin da ke tare ta a sama, sannan a zo kan sanda. Na sassauta notin kulle, na rage sandar har na ji ta saki fistin, tana ɗan rawa tsakanin yatsu. Littattafan gyara na motocin Japan da yawa na wancan zamani suna ba da milimita 1 zuwa 5 a kan feda kafin sanda ta taɓa fistin, da 5 zuwa 15 kafin a ji nauyin kuloci na gaske. Da yatsa ake jin wannan, ƙafa ba ta iya rarrabewa. Na bar shi a 3 da kuma 10, na ɗaure. Na tura sandar ƙasa da hannu, mai ya hau a kofi. Rula ta nuna 13, wanda ya isa, domin ribas ta shiga shiru kuma kuloci na fara kamawa da tazara mai kyau daga ƙasa. Wannan karon awa guda muka yi a hanya, da cunkoso da hawa, na tsaya sau biyu ina taɓa fok, a sake yake.

Ban karɓi komai a wannan aiki na biyu ba, kuma na gaya masa abin da kuskuren ya jawo masa. Kwana huɗu na zamewa da zafi sun ci wani abu daga rayuwar faifan, boris ma ya yi ta juyawa da nauyi a kansa lokacin da ya kamata ya huta. Babu ƙara, babu kakkarwa wajen tashi, kamu na nan da ƙarfi, don haka ban ga dalilin sauke giyabos ba. Amma ranar saukewa ta matso kusa fiye da da, kuma haƙƙinsa ne ya sani.

Ya tambaya yadda zai gane in ranar ta zo. Kulocin waya yana yi wa mai shi gargaɗi, wasan feda yakan ragu har a je a daidaita. Na mai yana daidaita kansa ta ramin nan, don haka ƙafa ba ta jin canji sosai sai abu ya yi nisa. Amma yana barin alama a wani wuri. Yayin da faifai ke sirancewa, yatsun farantin matsi suna tasowa waje, suna tura boris da fok baya, fok ya tura fistin na ƙasa ciki, man da ke wurin ya koma kofi. A birki mai faifai, in takalmi na cinyewa mai ƙasa yake yi. A kuloci irin wannan sama yake yi. Na ɗauko maka na ja siririn layi a jikin kofin daidai fuskar man, na rubuta wata da shekara a gefensa. Na ce in ya ga man ya haura layin ba wanda ya ƙara, ko inji ya fara kuka a babbar giya wajen hawa, ya zo da kwalin. Kafin nan ya fitar da shi daga but ya ajiye a ɗaki, a kwance, inda mai ko danshi ba za su taɓa faifan ba.